Launin Lu'ulu'u da Darajarsa a Kasuwar Duniya

Gabatarwa

A cikin watan Disamba na shekarar 2017 aka yi gwanjon wani lu'ulu'u a birnin Niyok na Amurka, wanda wasu mahaƙa suka tono a gundumar Kono ta ƙasar Saliyo a watan Maris na wannan shekara. Nauyinsa karat 709 ne, aka kuwa sayar da shi a kan dala miliyan 6.5. Bayan wata uku, watau a watan Maris na 2018, aka sayar da wani wanda aka haƙo a ramin Letseng na ƙasar Lesoto, mai nauyin karat 910, a kan dala miliyan 40. Dukkansu biyu ɗanyu ne, ba a sassaƙa su ba, ba a goge ba. Amma in aka raba kuɗin bisa nauyi, sai a tarar kowane karat na dutsen Saliyo ya tashi a kan dala 9,000 da 'yan kai, na Lesoto kuwa ya tasam ma dala 44,000. Ɗaya daga cikin manyan dalilan wannan rata shi ne launi, domin na Lesoto fari ne tas kamar ɗigon ruwan sama, na Saliyo kuwa yana da sirkin rawaya.

Manufar wannan lacca ita ce a bayyana inda launin lu'ulu'u ya samo asali, da yadda masana suke auna shi, da kuma yadda yake ɗaga farashin dutse ko ya kayar da shi. Al'amari ne wanda ya shafi ɗalibin kimiyya, ya kuma shafi ma'aikacin gwamnati wanda aka ɗora wa nauyin ƙiyasta darajar ma'adinai ko karɓar harajinsu, domin ƙasashen Afirka da dama da wannan dutse suke ciyar da jama'arsu.

Kafin a shiga bayani ya kamata a warware wata ƙura game da suna. A harshen Larabci, inda Hausa ta aro kalmar, lu'ulu'u shi ne ƙwayar nan mai sheƙi da ake samu a cikin wata dabbar teku mai ɓawo. Amma a Hausar yau an fi amfani da kalmar wajen nufin dutsen da ake haƙowa daga ƙasa, wanda wasu ke kira daimon, kuma shi ake nufi a nan. Karat kuwa ma'aunin nauyi ne, wanda aka daidaita a shekarar 1907 a kan kashi ɗaya cikin biyar na giram. Dabam yake da karat na zinariya, wanda tsarkin ƙarfe yake nunawa.

Asalin Launi

Lu'ulu'u da gawayi da bakin fensir duk daga sinadari guda suke, watau kabon. Abin da ya raba su shi ne yadda ƙwayoyin zarra na wannan sinadari suka jeru. A cikin lu'ulu'u kowace ƙwaya tana riƙe da huɗu 'yan'uwanta kam, a cikin tsari wanda ke maimaita kansa ta kowace fuska, shi ya sa babu wani dutse na halitta da ya kai shi tauri. Galibinsa a ƙarƙashin ƙasa ya samu, a zurfin kilomita 150 zuwa 200, inda zafi da nauyin duwatsu suka kai matuƙa, sa'an nan aman wuta na zamanin da ya turo shi sama a cikin wani irin dutse da aka raɗa wa sunan garin Kimberley na Afirka ta Kudu.

Hasken rana wanda ido ke gani fari, haɗin launuka ne irin na bakan gizo. Idan lu'ulu'u kabon ne zalla, kuma jerin ƙwayoyinsa bai sami tangarɗa ba, sai hasken ya ratsa shi ya fito yadda ya shiga, a ga dutsen garau ba launi. Idan kuwa akwai wani baƙon abu a cikinsa wanda ke shanye wani ɓangare na hasken, to, ɓangaren da ya rage shi ne launin da ido zai gani. Ke nan launi alama ce ta wani aibi a cikin dutsen. Aibin nan iri huɗu ne.

Na farko shi ne sinadarin naitirojin, wanda shi ne mafi yawa a cikin iskar da ake shaƙa. Yana shanye shuɗin haske, sai dutsen ya yi rawaya. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na lu'ulu'un halitta yana ɗauke da shi. A mafi yawan duwatsu ƙwayoyin naitirojin sun taru rukuni-rukuni, suna ba da rawaya mai dishi-dishi. A cikin 'yan kaɗan kuwa sun warwatsu ɗai-ɗai, suna ba da rawaya mai kauri irin ta ɗorawa. Tun a 1934 wasu masana uku na Ingila, Robertson da Fox da Martin, suka raba lu'ulu'u gida biyu bisa yadda yake shan haske, amma sai a 1959 aka tabbatar cewa naitirojin ne tushen bambancin. Duwatsun da ba a iya gano naitirojin a cikinsu ba su wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, kuma daga cikinsu ne ake samun mafiya fari. Cullinan, wanda aka tono a Afirka ta Kudu a 1905 da nauyin karat 3,106, irinsu ne, haka kuma dutsen Lesoto da aka ambata.

Na biyu shi ne sinadarin boron, wanda ke shanye jan haske ya bar shuɗi. Ƙwaya ɗaya ta boron a cikin ƙwayoyin kabon miliyan guda ta isa ta sauya kamannin dutse. Irin wannan lu'ulu'u yana da wata halayya ta dabam, domin lantarki yakan ɗan ratsa shi. Binciken da aka buga a 2018 ya nuna cewa shuɗɗan duwatsu daga zurfi mai nisa ƙwarai suke fitowa, wanda yakan kai kilomita 660 ko fiye.

Na uku shi ne tururin da ke fita daga ma'adinai irin su yuraniyam. Idan lu'ulu'u ya daɗe a kusa da su a cikin ƙasa, tururin yakan ture wasu ƙwayoyin kabon daga mazauninsu ya bar gurabe, guraben nan kuwa su ke jawo launin kore. Sau da yawa koren a fatar dutsen kawai yake tsayawa, da zarar an goge sai ya tafi. Saboda haka dutsen da kore ya ratsa cikinsa duka, kamar mai karat 41 ɗin nan da ke ajiye a birnin Dresden na Jamus, abu ne mai wuyar samu.

Na huɗu bai shafi wani baƙon sinadari ba. Matsin da dutsen ya sha a ƙarƙashin ƙasa yakan sa jerin ƙwayoyinsa ya goce, kamar yadda zaren saƙa kan karkace idan an ja shi da ƙarfi. Daga wannan gocewa ne ake samun ruwan ƙasa, da ruwan hoda, da ja. Baƙin lu'ulu'u kuwa, yawan ɓarɓashin baƙin ma'adini ne a cikinsa ya hana haske wucewa.

Ma'aunin Fari

A da kowane ɗan kasuwa da irin sunan da yake ba kayansa. Wasu suna amfani da A da AA da AAA, wasu da lambobi, wasu kuma da sunayen ramukan haƙa na Afirka ta Kudu, har ya zamana abin da wani ya kira na ɗaya, a wurin maƙwabcinsa na uku ne. A shekarar 1931 Robert Shipley ya kafa Cibiyar Nazarin Duwatsu Masu Daraja ta Amurka, wadda aka fi sani da GIA, a 1953 kuma, a ƙarƙashin jagorancin Richard Liddicoat, cibiyar ta fitar da ma'aunin da kasuwar duniya take bi har yanzu. An fara shi daga harafin D domin kada a rikita shi da tsofaffin ma'aunai masu A da B da C, aka ƙare a Z. Matakai 23 ke nan.

Daga D zuwa F su ne marasa launi sam. Daga G zuwa J su ne na kusa da su, waɗanda mutum ba zai ga sirkinsu ba in an ɗora su a zobe, sai fa ƙwararre. Daga K zuwa M rawaya ko ruwan ƙasa ya fara bayyana kaɗan, daga N zuwa R ya ƙaru, daga S zuwa Z kuwa kowa zai gan shi.

Yadda ake yin awon yana da ƙa'ida mai tsanani. Ana kifa dutsen a kan farin faranti, fuskarsa a ƙasa, tsininsa a sama, domin walƙiyar fuskar takan ruɗi ido. Ana yin aikin a ƙarƙashin fitila mai haske irin na rana, a ɗakin da bangonsa ba shi da launi mai ɗaukar ido. Sa'an nan a jera shi kusa da wasu duwatsu na gwaji waɗanda an riga an san matakin kowannensu, a duba tsakanin waɗanne ya faɗa. Aikin ya yi kama da na marini wanda ke kara ƙyalle da ƙyalle don ya gane wanda ya fi shan baba, sai dai a nan wanda bai sha ba shi ne abin nema. Akan sa ƙwararru fiye da ɗaya su duba, kowa shi kaɗai, kafin a rubuta takardar shaida.

Farashi yana bin wannan tsani. Idan duwatsu biyu suka yi daidai a nauyi da tsabta da kyan sassaƙa, mai harafin D ya fi mai E tsada, shi kuma ya fi mai F, haka har ƙasa. Tun daga 1978 akwai jadawalin farashi na Rapaport wanda dillalai ke dubawa, inda aka jera haruffan launi a gefe guda, matakan tsabta a ɗaya gefen. Abin lura shi ne, tsakanin D da F ido ba ya ganin bambanci, amma aljihu yana ji. Mai saye yana biyan kuɗin ƙarancin abin ne da kuma takardar da ta shaida shi.

Akwai abubuwa uku da ke sauya yadda launi ke bayyana. Babban dutse ya fi ƙarami nuna sirkinsa, domin haske yana yin doguwar tafiya a cikinsa. Ƙarfen da aka ɗora shi a kai ma yana da tasiri: jar zinariya takan ɓoye rawayar dutse, farin ƙarfe kuwa tona ta yake yi. Na uku, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na lu'ulu'u yakan yi ƙyalli, galibi shuɗi, idan wani ɓoyayyen haske da ke cikin hasken rana ya sauka a kansa. Wannan ƙyalli yakan sa dutse mai sirkin rawaya ya ƙara fari a ido, amma idan ya yi ƙarfi a dutse mai matakin D ko E ko F, kasuwa takan rage masa kuɗi.

Inda Ma'auni Ya Juya

Da an wuce harafin Z sai lissafi ya juye. Rawayar da take aibi muddin tana dishi-dishi, idan ta yi kauri sai ta zama abin ƙawa, farashi ya sake hawa. Haka kuma duk dutsen da ya nuna shuɗi ko kore ko ruwan hoda ko ja, ko da kaɗan ne, ba a sa shi a ma'aunin haruffa. Akan ƙiyasta cewa a cikin duwatsu 10,000 da aka sassaƙa, ɗaya ne kawai yake shiga wannan aji na masu launin ƙawa.

Su waɗannan ta fuska ake dubansu, ba a kifa su. Abu uku ake nema: irin launin, da haskensa ko duhunsa, da kuma kaurinsa. GIA tana da matakai tara a nan, tun daga mai ɗan alama har zuwa mai kauri da haske tare, wanda shi ne ya fi tsada. Launi na biyu da ya raɓi na farko shi ma yana shiga lissafi. Ruwan hoda mai sirkin shunayya yana da daraja, mai sirkin ruwan ƙasa kuwa ya faɗi. Shuɗi mai sirkin toka bai kai tsantsar shuɗi ba. Don haka ne masassaƙin irin waɗannan duwatsu yakan zaɓi siffar da za ta tsare haske a ciki ta ƙara wa launin kauri, ko da zai yi hasarar nauyi.

Tarihin gwanjo ya nuna inda abin ya kai. A 1987 aka sayar da wani jan lu'ulu'u mai suna Hancock a Niyok a kan dala 880,000, alhali bai cika karat ɗaya ba. Ja shi ne mafi ƙaranci a duniya. Moussaieff, wanda aka samo a Birazil kuma ya shahara da girma a cikin jajaye, karat 5.11 ne kacal. A 2016 aka sayar da shuɗin Oppenheimer mai karat 14.62 a birnin Janeba a kan dala miliyan 57.5. A watan Afrilu na 2017 Pink Star, mai ruwan hoda, mai karat 59.60, ya tashi a kan dala miliyan 71.2 a Hong Kong. A 2022 kuma wani mai ruwan hoda daga ramin Williamson na Tanzaniya, mai karat 11.15, ya kai dala miliyan 57.7, watau fiye da dala miliyan biyar kowane karat. Wasu kuwa sun fi ƙarfin kasuwa, kamar shuɗin Hope mai karat 45.52, wanda asalinsa daga Indiya ne, ya ratsa taskar sarakunan Faransa, aka sace shi a 1792, daga bisani Harry Winston ya ba da shi kyauta ga gidan tarihi na Smithsonian a Washintan a 1958.

Ba ƙaranci kaɗai ke yanka farashi ba, har da sha'awar mutane, ita kuwa sha'awa ana iya gina ta. Misali a nan shi ne ramin Argyle na yammacin Ostareliya, wanda ya fara aiki a 1983 aka rufe shi a watan Nuwamba na 2020. Yawancin abin da ya fitar ƙananan duwatsu ne masu ruwan ƙasa, irin waɗanda a da ake kai wa masana'antu don yanka da huda. Masu ramin suka raɗa musu sunayen wasu abubuwan sha na Turawa masu tsada, suka yi ta talla, aka riƙa sassaƙa su da arha a Indiya, har suka sami shiga kasuwar ado. Amma wannan rami guda shi ne ya samar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ruwan hoda a zamaninsa, ko da yake ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ya haƙo ba. Kasa guda ta fitar da mafi arha da kuma ɗaya daga cikin mafiya tsada.

Launin Halitta da na Ɗan Adam

Duk inda riba ta yi yawa, dabara takan biyo baya. Tun a 1904 masanin nan na Ingila, William Crookes, ya binne lu'ulu'u a cikin gishirin radiyam ya ga ya koma kore. Daga baya aka ƙware wajen harba wa dutse tururi sa'an nan a gasa shi, a sami rawaya ko shuɗi ko ruwan hoda. A 1999 kamfanin General Electric ya bayyana wata hanya ta sa dutse mai ruwan ƙasa a cikin matsanancin zafi da matsi, har gocewar ƙwayoyinsa ta warware ya koma fari. Kamfanin nan dai shi ne ya ƙera lu'ulu'u a ɗakin gwaji a ƙarshen 1954, yanzu kuwa ana ƙera shi da yawa a masana'antu, fari ko mai launi, farashinsa kuma ya faɗi ƙwarai in aka gwada da na halitta.

A ido babu bambanci tsakanin shuɗin da ya yi shekaru aru-aru a cikin ƙasa da wanda aka yi cikin 'yan makonni, sai dai Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Na'urar auna haske ce kaɗai ke iya raba su, shi ya sa takardar shaida ta dutse mai launi take faɗin ko launin na halitta ne ko na gyara. Sayar da wanda aka gyara ba laifi ba ne in an faɗa wa mai saye. Ɓoyewar ita ce ha'inci.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa darajar lu'ulu'u tana taruwa ne a gefe biyu, wajen wanda ba shi da launi ko kaɗan da wajen wanda launinsa ya yi kauri, tsakiya kuwa ita ce mai arha. Za a kuma ga cewa harafi guda a kan takarda yana iya zama bambancin dukiya mai yawa.

A nan ne maganar ta dawo kan ƙasashen da ake haƙo dutsen. Mahaƙin da ke tsaye cikin laka a bakin rafi ba shi da fitilar gwaji, ba shi da duwatsun karawa, abin da dillali ya faɗa masa shi zai karɓa. Haka ita ma gwamnatin da ba ta da nata ƙwararrun masu ƙiyasi, a kan kuɗin da mai fitar da kaya ya rubuta za ta yanka haraji. Rashin sani ne kan sa kaza ta kwana a kan dami. Botsuwana ta gane wannan tun da wuri. Ta riƙe rabin hannun jarin kamfanin Debswana wanda ke haƙa a Orapa da Jwaneng, ta horar da 'ya'yanta aikin tantancewa, a 2013 kuma kamfanin De Beers ya ɗauke cinikin ɗanyen lu'ulu'unsa daga Landan ya mai da shi Gaborone. Lokacin da aka tono wani shuɗin dutse a Orapa a 2018, kamfanin gwamnatin ƙasar ne ya riƙe shi, aka sassaƙa shi zuwa karat 20.46, aka raɗa masa sunan Okavango.

Darasin bai tsaya ga lu'ulu'u ba. Duk ƙasar da Allah ya ba ta ma'adini, zinariya ne ko kuza ko wani dutse mai daraja, rabon da za ta samu daga gare shi yana rataye ne a kan ko tana da 'ya'yan da za su iya zama gaban mai saye su auna kayan da ma'aunin da shi ma ya yarda da shi. Horar da irin waɗannan mutane aiki ne na jami'o'i, ɗaukarsu aiki da ba su kayan awo kuwa yana wuyan ma'aikatun gwamnati.